Ba Rashin Kwal Ne Ya Bar Mu Cikin Duhu Ba

Akwai wata magana da ta ishe ni, kuma na ga idan aka ci gaba da yin shiru za ta zama karatu. Duk lokacin da aka ɗauke wuta a Kontagora aka kwana biyu ba a kawo ba, sai a tayar da ita a majalisa, a teburin mai shayi, ko a saƙon murya na WhatsApp. Wai Allah Ya jibge wa Nijeriya kwal a ƙarƙashin ƙasa, da an bari mun ƙona shi da tuni mun manta da duhu, amma Turawa suka hana, suka ɗauki wasu 'yan ƙungiyoyi haya suna ta ihun muhalli. Mai faɗa yana faɗa da zafi, masu saurare suna gyaɗa kai, babu mai tambaya.

Kwal baƙin dutse ne mai cin wuta da ake haƙowa. A tasha ana ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya juya injin da ke samar da lantarki. Makamashi mai tsafta kuwa shi ne na rana da iska da ruwa, wanda ba ya hayaƙi. Iyakar bayanin ke nan.

To, a ce ɗan wata jiha ne yake wannan magana, da sai a yi masa uzuri. Amma ɗan Neja? Madatsar Kainji da aka gama a 1968 tana da injinan megawat 760. Jebba ta biyo a 1985 da wajen 578, Shiroro a 1990 da 600, ga kuma Zungeru mai 700 da aka kammala a 'yan shekarun nan. Idan ka haɗa, sun haura megawat 2,600, a ƙasar da wutar da ke isa ga jama'arta gaba ɗaya ba kasafai take wuce 5,000 ba. Duk daga ruwanmu, babu dunƙulen kwal ko ɗaya. Mutanen tsohuwar Bussa har garinsu suka rasa saboda Kainji. Amma mai walda a Kontagora da janareto yake aiki, mai niƙa da dizal. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wanda ke zaune tsakanin madatsai huɗu yana duhu, ta yaya tashar kwal da za a gina a Kogi ko Inugu za ta haska masa ɗaki?

Wutar kwal ba ta da wata hanya ta daban. Waya ɗaya za ta bi, turaku ɗaya, taransifoma ɗaya da ta ƙone aka bar unguwa tana karo-karo. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe kwanaki cikin duhu, ba don ruwa ya ƙafe a Shiroro ba. 'Yan bindiga ne suka lalata layin da ke ɗaukar wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ake dogaro da shi kuma ya samu matsala. Ko da a ranar muna da tashar kwal goma, haka za mu kwana. Tashoshin da ƙasar ke da su yanzu ƙarfinsu a takarda ya kai kusan megawat 13,000, yawancinsu na iskar gas, da yawa kuma ba sa aiki yadda ya kamata saboda bashi da ƙarancin gas da layukan da ba za su iya ɗauka ba. A nan gizo ke saƙa.

Kuma masu maganar suna yi kamar ba mu taɓa gwada kwal ba. An gano shi a yankin Inugu a 1909, da shi jiragen ƙasa suka yi ta tafiya, da shi tashar Oji River ta ba da wuta tun 1956 kafin ta mutu. A ramin Iva Valley ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949. A Arewa ma akwai shi: a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko a Gombe ana haƙo wa kamfanin simintin Ashaka, kuma mazauna wurin sun sha kokawa kan ƙura da gurɓatar ruwa da gonakin da suka rasa. Hayaƙin kwal yana ɗauke da ƙura mai laushi da ke shiga can cikin huhu, da sinadaran da ke tayar da asma da ciwon zuciya, tokarsa kuma tana lalata ruwan rijiya. A Disamban 1952 hayaƙinsa ya lulluɓe Landan na 'yan kwanaki, aƙalla mutum 4,000 suka mutu. Ingilar da ta fara gina arzikinta a kan kwal ta rufe tasharta ta ƙarshe a ƙarshen Satumban 2024.

Saura batun cewa masu adawa da kwal yaran Turawa ne. Gaskiya ne manyan ƙasashe sun ƙona kwal fiye da shekara ɗari kafin su fara wa'azi, kuma hayaƙin da Afirka duka ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba. Wannan hujja ce ta neman su biya, ba hujjar mu shaƙe 'ya'yanmu ba ce. Sannan a duba su wa suka yi faɗan. A Lamu ta Kenya, tsohon garin Musulmi a bakin teku, masunta da mutanen gari ne suka kai ƙara saboda tsoron kifinsu da ruwansu, har kotun muhalli ta soke lasisin tashar kwal da aka shirya ginawa a can a Yunin 2019. A Ghana, Chibeze Ezekiel da matasan ƙungiyarsa ne suka bi ƙauyukan Ekumfi suna wayar da kai, gwamnati ta janye shirin tashar kwal mai megawat 700 a 2016. Chaina da ake kafa misali da ita, ita ce kan gaba a ƙona kwal, ita ce kuma kan gaba a ƙera farantin sola da kafa shi, kuma tun Satumban 2021 shugabanta Xi Jinping ya ce sun daina gina sabbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Wa zai ba da bashin gina tamu ke nan?

Satar wuta, ƙin biyan kuɗi, lissafin ƙiyasi da cin hanci su ma duk suna da nasu kason a duhun da muke ciki, kowa ya sani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne muna musu kan kwal ɗin da ba mu taɓa gani ba, alhali namu yana wucewa ta gabanmu kullum. Ku tsaya a hanyar Tegina ku ga motoci maƙare da buhunan gawayi. Kirya da marke sun yi ƙaranci, an koma kan kaɗanya da ɗorawa. Neja tana cikin jihohin da suka fi kowa kaɗanya a ƙasar nan. Bishiyar da sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, wadda mata ke samun man kaɗe da kuɗin cefane da ita, mutum ya kayar da ita da safe saboda 'yan buhuna. Wannan ba neman halal ba ne, cin abincin jikoki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara, kuma matanmu da goyonsu ne a bakin murhu.

Ga abin da ke hannunmu. Mai hali ya saya wa iyalinsa tukunyar gas, ko ƙarama ce, ya koya musu duba tiyo da rufe kai bayan girki. Wanda bai da hali ya nemi murhu mai tsimin itace ko na gawayi mai rufin yumɓu, a riƙa girki a fili ko inda iska ke shiga. Lokacin hunturu kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, kada a kunna janareto a zaure ko kusa da taga. Iskar da ke kisa ba ta da wari, barci kawai mutum zai yi ya wuce.

Mai son sola ya fara da lissafi: ƙwan fitila nawa, fanka nawa, akwai firiji ko babu. Ya kira wanda ya koyi aikin, ya karɓi rasit da garanti. Araha ba ta ado. Yawancin masu cewa sola yaudara ce tsohon batir aka yi wa fenti aka sayar musu. A riƙa goge farantin, musamman lokacin ƙura, kada a jona dutsen guga ko hita a ƙaramin saiti, kada a bar batir ya zuƙe ƙaf. Idan ya mutu a mayar wa dillali, kada a fasa shi a tsakar gida, domin darma ce a ciki. Gubar darma daga haƙar zinari ce ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi a 2015, bai kamata mu ne za a sake yi wa bayaninta ba.

Masu shaguna a layi ɗaya, ko masallaci da makarantar Islamiyya, su haɗa kuɗi su kafa saiti ɗaya mai ƙarfi. Ƙauyuka su nemi ƙaramar tashar sola ta gari ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Ba labarin nesa ba ne: an yi a Tungan Jika ta Magama, an yi a Rokota ta Edati. Manomin rani ya auna kuɗin fetur na kaka biyu da farashin famfon sola. Masu unguwanni da dagatai su sa doka a kan saran kaɗanya da ɗorawa, limamai su faɗa a huɗuba, wanda ya sare ɗaya a sa shi dasa biyar ya kuma raine su.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a masarautar Kontagora, a tambaye shi taransifoma nawa zai gyara, ƙauye nawa zai sa wa sola, asibiti nawa zai daina karɓar haihuwa da tocilan, kuma zuwa yaushe. A rubuta amsarsa a ajiye. Allah Ya sa mu gane.