Abin da littafin bashi ke faɗa, da abin da yake ɓoyewa

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Tibiri da Maraɗi, ta bi Cadawa da Agiye da Gazawa kafin ta kai Tasawa, zai wuce ɗaruruwan shaguna da rumfuna, kuma a yawancinsu akwai littafin bashi a ƙarƙashin tebur ko a bayan kwalayen sabulu. A ciki ake rubuta wanda ya karɓi tiyar shinkafa bai biya ba, da wanda ya rage jika biyu, da wanda aka soke sunansa don ya cika. Manyan kamfanonin duniya suna zuba dukiya don su mallaki irin abin da ke cikin wannan littafi. Tun 1995 kantunan Tesco na Ingila suka fara raba wa masu sayayya kati, don su san wa ya sayi me, yaushe, kuma na nawa. Mai shagon Agiye ya riga ya tara rabin wannan sani da bironsa. Saura karatun abin da ya rubuta, kuma a ganina nan wuyar take, domin lissafin wannan yanki yana yaudarar duk wanda ya karanta shi bai duba watan da aka yi cinikin ba, da kuɗin da aka yi shi da su, da halin da kan iyaka ke ciki a lokacin.

Tambayoyin da masana kasuwanci ke yi wa irin waɗannan bayanai ba su da yawa. Kamfanonin Amurka masu aika wa mutane kaya ta gidan waya sun daɗe da taƙaita su zuwa uku: yaushe rabon wane da ya sayi wani abu, sau nawa yake zuwa, nawa yake kashewa. Littafi mai sunaye sittin ba ya buƙatar kwamfuta kafin a yi masa waɗannan tambayoyi. Shafi biyu da zaman yammaci ɗaya sun wadatar. A ɗauka mai shago ya zauna ya yi. Yana iya tarar da cewa mai shayin da ke karɓar sukari da madara kowace safiya, na jika ɗaya da rabi, ya zuba masa fiye da sefa dubu 500 a shekara, abin da attajirin da ke zuwa sau uku yana lodin kaya jama'a na kallo bai kai ba. Babban ciniki shi ke zama a ka, ƙarami mai maimaituwa kuwa sai an tara shi a takarda ake ganin girmansa.

Sai dai littafin mai ido ɗaya ne: wanda ake bi bashi kaɗai yake gani. Mai biya nan take, wanda shi ne ke juya jarin, ba ya barin sawu a takarda, kuma ranar da ya koma wani shago babu shafin da zai nuna rashinsa. Wanda ya dogara da littafin bashi kawai zai wayi gari yana sarin kayan da masu karɓar bashi ke so, ya bar waɗanda masu kuɗi a hannu ke nema. Haka kuma sunan da ke rubuce ba lallai ne na mai zaɓen kayan ba. A gidaje da yawa matan aure ba su zuwa shago. Yaro ake aikawa, sunan maigida ake rubutawa, amma uwargida ce ta ce wace taliya, wane mai, wane sabulu. Da yawansu ma ba don girkin gida suke saye ba, masu sana'a ne da ke tuyar ƙosai ko dafa dambu ana kai musu talla. Wadda ke aiko yarinya da dala ashirin sau biyar a rana ƴar kasuwa ce mai sayen kayan aiki, kuma in an gane ta za a iya yi mata farashin sari a riƙe ta shekaru. Gyaran ba shi da tsada: a ware shafi ga masu biya nan take da suka saba zuwa, a kuma riƙa rubuta gidan da aka aiko da wanda ya aiko.

Babban tarkon yana cikin kwanan wata. Kuɗi a nan gona suke bi. Daga Oktoba, in gero da wake da gyaɗa da aya sun shigo gida, aljihu yana cika, a biya bashi, a ɗaura aure, a sayi katifa da kwano. Bayan kaka samari su tafi cin rani, kuɗi su koma shigowa jefi-jefi ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana. Daga bazara zuwa Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sayayya ta koma ta ƙulli-ƙulli, shafukan bashi su cika. Saboda haka wanda ya gwada cinikin Yuli da na Nuwamba bai koyi komai ba. Yulin bana da Yulin bara ake gwadawa. Ko wannan ma bai isa ba, domin akwai kalanda ta biyu da ke tafiya a kan ta farko. Shekarar Musulunci tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. Babbar Sallah ta faɗo a ƙarshen Oktoba a 2012, a tsakiyar kaka. A 2016 ta dawo Satumba. A 2023 ƙarshen Yuni, a 2024 tsakiyarsa, a 2025 farkonsa. Sallar da ta tarar da rumbu cike daban take da wadda ta zo daidai lokacin da magidanci ke neman kuɗin iri da taki da na ƴan ƙwadago. Tela ko mai sayar da atamfa a Gazawa da ya ga cinikin Sallah yana raguwa shekara bayan shekara zai iya ɗora laifi a kan sabon shagon da aka buɗe kusa da shi, ya karya farashi ya ci jarinsa, alhali Sallah ce ta baro watannin kuɗi ta shiga watannin shuka. Shafin da ya ɗauki kwanan wata biyu, na boko da na Musulunci, shi zai raba masa gardama.

Ga kuma zancen kuɗi iri biyu. Sefa ɗaure take da Yuro a farashi ɗaya da ba ya motsi, Naira kuwa a farkon Yunin 2023 tana wajen 460 a Dalar Amurka a hukumance, kafin Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Kaya masu yawa na shagunan nan daga Kano da Katsina suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma wannan hanya ta toshe sau biyu cikin shekara biyar: daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A irin waɗannan watanni jimillar kuɗi tana iya hawa alhali kayan da suka fita sun ragu, mai shago ya ɗauka kasuwa ta buɗe. Wanda ke rubuta tiya nawa, kwali nawa, buhu nawa, gefe da gefe da kuɗin, shi ba zai ruɗe ba. A gundumar Gidan Rumji akwai ƙarin abin lura: tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, kuma cinikin da ke tashi ranar da aka raba musu taimako bai kamata a gina sarin wata uku a kansa ba.

Wani zai ce duk wannan ɗan kasuwa ya san shi a ka tun kaka da kakanni. Akwai gaskiya a ciki. Abner Cohen, a bincikensa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi bisa sanin da masu gida da dillalai suka yi wa kowane mahauci, wanda ke cika alkawari da wanda ke zillewa. Amma sanin ka ba ya gaduwa. In mai shago ya tafi Hajji ko ya kwanta ciwo, yaron shago ba shi da abin riƙewa, kuma jari da yawa a nan suke mutuwa tare da masu su. Sannan kasuwar ta sauya. Binciken Jenny Aker kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya gano cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Farashi ya zama sanin kowa. Mai saye ma yana iya buga waya Maraɗi ya tambaya kafin ya taya. Abin da ya rage wa ɗan kasuwa wanda maƙwabcinsa ba zai samu ta waya ba shi ne sanin mutanensa.

Ana kuma kawo hujjar rashin karatu, tunda manyan da suka iya karatu da rubutun boko a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Wannan ba ta hana komai: wanda ya yi allo yana rubuta suna da ajami, lambobi kuwa kowane mai waya ya san su. Manhajojin lissafi na waya suna da amfani ga wanda cinikinsa ya fi ƙarfin littafi, sai dai yawancinsu an gina su ne a kan kuɗi iri ɗaya da kalanda ɗaya, su ne kuwa abubuwa biyun da babu su a nan.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta amana. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, amma littafin da aka rubuta asirin gidaje ne: yana nuna wanda hatsinsa ya ƙare tun Yuni. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma ko babu doka, lambar wayar da aka bayar don tunin bashi bai halatta a miƙa ta ga mai talla ko ɗan siyasa ba. Akwai kuma tsoron cewa lissafi zai busar da zuciya, mai shago ya rufe wa talaka ƙofa a tsakiyar damina. Karatun wata ɗaya ne ke jawo haka. Wanda ya karanta shekara biyu a jere zai ga cewa masu karɓa a Yuli kashi biyu ne: akwai manomin da ke zuwa da kansa ya cika da zarar ya sayar da wake ko aya a Nuwamba, akwai kuma wanda kaka biyu suka wuce sunansa na nan ba a soke ba. A watan Agusta su biyun kamarsu ɗaya a takarda. Da an raba su, mai shago zai san nawa zai ware daga jarinsa don bashin damina tun kafin ruwan farko, da gidajen da zai ba ba tare da ya jira sun roƙa ba.