Yadda Turawa Su Ke Maganar Gobe

A hutun da ya wuce muna gida, Andarai, sai wani dattijo manomin albasa ya zo mana da takarda a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "'Ya'yana, ku da ku ke karatun malanta, ku duba mini wannan, ko ni aka yaudara, ko kuwa yaron da ya karanta mini ne bai iya ba." Wani ɗan kasuwa ne daga Kudu ya rubuto masa da Ingilishi, ya ce, "I may come before the end of the month." Yaron ya fassara masa cewa mutumin zai zo kafin wata ya ƙare. Saboda haka da masu saye suka zo daga Aliero suka yi tayi, sai ya ce albarka, yana jiran baƙonsa. Wata ya mutu, baƙo bai zo ba, albasa kuwa ta fara ruɓa. Muka ce, "Baba, mutumin nan bai yi maka alkawari ba. Cewa ya yi watakila ya zo." Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Kalma ɗaya ce, mai harafi uku, ta jawo wannan hasara. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi ɗan bayani, don mu ne za mu koya wa yara irin waɗannan kalmomi.

Waɗanda suka taɓa nahawu a zaure sun sani Larabawa su kan sa sin ko saufa gaban fi'ili in suna nufin abin da bai auku ba tukuna. Mu Hausawa muna da hanya biyu. In mutum ya ce "za mu zo", ya yi niyya. In kuwa ya ce "ma zo", ko "kwa ji", ko "sa dawo", maganar ba ta kai ta fari ƙarfi ba. Ingilishi ma haka ya ke, fi'ili ba ya sāke kama don ya nuna gobe, sai a jingina masa wata 'yar kalma, ita ce ma'aunin da mai magana ya ke auna tabbacinsa.

Mafi nauyi su ne "will" da "shall". A tsohon Ingilishi asalin ta fari so ne, ta biyu kuwa bashi ko tilas. A 1653 wani malamin lissafi na Jami'ar Okusfod, John Wallis, ya rubuta nahawun Ingilishi da Latin, ya kafa ka'ida cewa in labarin gobe kurum a ke bayarwa, mai magana ya sa "shall" ga kansa, "will" ga waninsa. Yanzu yawancin mutane, balle a Amurka, sun bar wannan, sai a takardun shari'a da wajen tambaya ta ladabi a kan ji "shall". Akwai kuma "going to", wadda a kan faɗa in an ga alama da ido. In hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, Bature ya kan ce, "It is going to rain."

Ƙasa da waɗannan akwai "probably" da "I expect", watau ana sa rai ƙwarai, amma ba a rantse ba. Sa'an nan "may" da "perhaps", su ne watakila, ko mai yiwuwa ne. "Might" ta fi su rauni kaɗan. A nan akwai tarko, gama "may" ta kan zama izni kuma: malami in ya ce wa yaro "You may go", ya sallame shi ke nan, ba shakka ya ke yi ba. Can ƙarshe akwai "I doubt it" da "unlikely", watau da wuya.

Wata wahala kuma ita ce ladabinsu. In Bature ya fara da "I am afraid", ba tsoro ya ke ji ba, labari mara daɗi ne ya ke shimfiɗa wa tabarma. In ya ce "We shall see", sau da yawa daidai ya ke da namu "ma gani", wanda kowa ya san ba a ɗaura wa jaki kaya saboda shi. "I hope" fata ce ga abin da zai yiwu, amma "I wish I could come" ma'anarta ba zai sami zuwa ba, yana nuna baƙin cikinsa ne kawai.

Kada mu zaci don Bature ya ce "will" yana da'awar sanin gaibu. A 1861 ne Robert FitzRoy, wani tsohon shugaban jirgin ruwa, ya fara buga labarin yadda sama za ta kasance a jaridar The Times ta London, ya kuwa zaɓi kalmar "forecast" don a gane ƙiyasi ne daga alamu, ba duba ba. Suna kuma da "God willing", tsofaffinsu ma su kan rubuta D.V. a wasiƙa, haruffan farko na kalmomin Latin masu ma'anar in Allah ya so. Mu kuwa an hore mu a cikin Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, kada mu ce za mu aikata abu gobe ba tare da mun haɗa da yardar Allah ba. Saboda haka "in sha Allahu" ba shakka ba ce, ladabi ne ga Ubangiji. Kuskure ne a fassara ta da "perhaps". Amma sai mu faɗi gaskiya, waɗansunmu su kan fake da ita sa'ad da ba su da niyyar cikawa, su ne suka sa baƙi su ke yi mata wannan zato.

To, 'yan'uwa, in mun shiga aji kada mu tsaya ga sa yara su haddace jerin kalmomi. Mu zana musu tsani a allo, "will" a bisa, "unlikely" a ƙasa, kowace da 'yar'uwarta ta Hausa. Sa'an nan mu ba su misali da abin da suka sani: ko Gulbin Zamfara zai cika bana, ko gero zai yi tsada a kasuwar Jega, ko mota za ta zo daga Maiyama kafin la'asar. Kowane yaro ya zaɓi matakinsa, ya kuma faɗi dalili. Yaron da ya iya wannan, in an kawo masa takardar wani dattijo, ba zai mai da watakila ta zama alkawari ba.

Gobe ta Allah ce. Allah ya sa mu dace, amin.