Kafin a Sake Sayen Fom ɗin JAMB Don Likitanci

Duk shekara idan jami'o'i suka gama fitar da sunaye, akwai maganar da ke yawo a gidajen Kontagora: "Yaro ya ci JAMB, amma ba a ba shi ba." A cikin maganar nan kuskuren yake. Neman gurbin likitanci ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce, jerin gwano ne a bakin ƙofa mai ƙunci. Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta, ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Makin da jami'a ke sanarwa kuwa izinin shiga layi ne kawai. Saboda haka wanda ya rasa a karon farko, kafin ya sake sayen fom, ya kamata ya gano takamaiman inda aka wuce shi. In bai gano ba, shekarar da zai ƙara maimaicin ta baya ce.

A fara da jarrabawar kanta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, sai 40-40 na Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, jimillar maki 400. A sakamakon farko na 2025, cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Wannan ne ke sa mai 240 ya zama abin nunawa a unguwa. Sai dai ba da waɗancan miliyoyin yake takara ba, da 'yan tsirarun da ke saman jeri yake, kuma kaso mai yawa daga cikinsu likitancin suke nema. Takardar sakamako tana nuna makin kowane darasi daban, amma ba kowa ke tsayawa ya karanta ta ba. Wanda ya sami 75 a Bayoloji da 45 a Fiziks, ba Bayoloji ne ciwonsa ba, ko da yake shi ya fi jin daɗin karantawa. Ɗalibi yakan koma wa darasin da ya iya saboda yana kwantar masa da hankali, alhali makin da ya ɓace yana can cikin lissafin Fiziks da ƙa'idojin Ingilishi. Akwai kuma saurin hannu. Tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar gaba ɗaya, kuma kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Yaron da bai saba da allon kwamfuta ba sai ranar jarrabawa yana iya sanin amsa lokaci ya ƙare masa.

Ƙofa ta biyu ita aka fi mantawa da ita, wato sakamakon sakandare. Jami'o'i da dama suna son kiredit biyar a zama ɗaya ga mai neman likitanci, wasu kuma suna ba kowane mataki maki su haɗa da na JAMB da na jarrabawar tantancewarsu. A irin wannan lissafi, mai C6 a Kemistiri ya riga ya ba mai A1 rata tun kafin a zauna. To me zai hana wanda ke zaman jira ya sake rubuta WAEC ko NECO?  Iyaye sukan ga kamar komawa baya ne, tunda yaro ya riga ya "gama". Amma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, shi kuwa na sakandare yana nan yana bin mai shi, ko ya ɗaga shi ko ya danne shi.

Sai zaɓin jami'a. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ta raba gurabe uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, kuma Neja na cikinsu. Ɗan Kontagora da ya sa Ibadan ko Legas a zaɓin farko ya yar da kason yanki da hannunsa, alhali da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya zaɓa, da yana da hanya fiye da ɗaya. Ga kuma hanyar IJMB da ABU ke gudanarwa, mai kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Guraben likitanci ta nan kaɗan ne ƙwarai, amma shekara guda ta Kemistiri da Fiziks mai zurfi ba ta tafiya a banza.

Za a ce duk wannan lissafin dokin Rano ne, sai mai uwa a gindin murhu. Ba za a musa cewa sanayya na aiki a ƙasar nan ba. Amma tun 2017 da JAMB ta kawo tsarin CAPS, duk gurbin da jami'a za ta bayar sai ya bi ta hukumar, ɗalibi kuma yana ganin matsayinsa a wayarsa. Bai kashe alfarma ba, ya dai rage mata fili. Kuma wanda ya ɗora rashinsa kacokan a kan rashin hanya ya rufe wa kansa tambayar da ita kaɗai ke hannunsa.

Hujjar da ta fi nauyi ga masu adawa da zaman jira ita ce ta lokaci. Likitanci shekara shida ne, sai shekarar horo a asibiti, sai bautar ƙasa. Ƙara shekara a kai ba wasa ba ne, musamman ga 'ya mace da dangi suka fara ƙirga mata shekaru. Shi ya sa wasu ke cewa a karɓi Bayoloji ko wani kwas makamancinsa, daga baya a sauya. Wannan shawarar ta fi daɗi a baki: adadin da MDCN ta yanke bai ƙaruwa don wani ya yi ƙoƙari a aji ɗaya, don haka masu sauyawa ƙalilan ne. Fita waje ma ta nuna haɗarinta. Yaƙin Yukren a 2022 da na Sudan a Afrilun 2023 sun maido ɗaliban Najeriya gida karatu a rabi, wanda ya kammala a waje kuma sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci. Idan aka auna, zaman shekara ɗaya a gida da tsari ya fi araha. Shekara ɗaya fa, ba uku ba. Wanda ya gyara Fiziks, ya gyara takardar sakandare, ya zaɓi jami'ar da ta dace, amma makinsa bai motsa ba, ya sami amsar da ba ta samuwa a karon farko. Ilimin haɗa magunguna, aikin jinya da kimiyyar gwajin jini sana'o'i ne masu zaman kansu, kuma Babban Asibitin Kontagora da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida ba sa iya yini guda ba tare da masu su ba.