Guzurin Marubucin Tafiya: Kayan Aikin Adana Labari a Kan Hanya

Gabatarwa

Masu nazarin adabin tafiye-tafiye sun fi mayar da hankali ga salo da jigo, da irin kallon da matafiyi yake yi wa baƙuwar al'umma. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi yadda labarin ya tsira har ya iso gida ba, alhali wannan tambaya tana da tasiri a kan ingancin abin da ake karantawa. Wannan maƙala ta dubi kayan aikin da marubuci yake buƙata yayin da yake kan hanya. Abin da ta tsaya a kai shi ne, amfanin kowane kayan aiki yana ga abu biyu: ya ba da damar rubuta abu a ranar da aka gan shi, kuma ya kare rubutun daga salwanta.

Abin da tarihi ya nuna

Ibn Baɗɗuɗa ya bar Tanja a 1325, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, har ya ratsa Takadda ta ƙasar Nijar ta yau a 1353. Sai da ya koma Maroko sannan ya yi wa Ibn Juzayy shiftar labarinsa, bisa umarnin Sarki Abu Inan, aka kammala a 1355. Shi da kansa ya faɗi cewa ya kwafi rubuce-rubucen da ke kan kaburburan malaman Bukhara, amma takardun suka salwanta lokacin da 'yan fashin teku suka yi masa ƙarƙaf a gaɓar Indiya. Sakamakon dogaro da tunani a fili yake cikin littafin: masana sun gano wuraren da lissafin kwanaki ya rikice, sun kuma gano cewa an aro bayanin wasu birane, irin su Dimashƙa da Makka, daga littafin Ibn Jubayr wanda ya riga shi.

Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi wata hanya dabam. Ya shiga Kano a Fabrairun 1851, kuma duk tsawon tafiyarsa yana riƙe da ƙananan littattafan rubutu da agogo da kamfas. Yakan rubuta alƙiblar da aka nufa da tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin zango da zango, ya tara kalmomin harsuna, ya kuma aika rahotanni ta hannun ayarin da ke ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. Shi ya sa har yau masana tarihin Kano suke komawa ga bayaninsa kan kasuwa da rini da cinikin tufafi. Hugh Clapperton kuwa ya rasu a Sakkwato a 1827, kuma ba don baransa Richard Lander ya ɗauki takardunsa ya kai Ingila ba, da ba a buga su a 1829 ba.

Akwai kuma darasi na uku wanda ya fi shafar Bahaushe. Dorugu, yaron nan ɗan ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila, ya ga abin da kaɗan daga Hausawan zamaninsa suka gani, amma alƙalamin yana hannun J. F. Schön, wanda ya rubuta labarin daga bakinsa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Abin da aka tambaye shi da abin da aka bari, zaɓin wani ne. Sai a kwatanta da Abubakar Imam, wanda ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi da hannunsa, ga masu karatun da ya sani.

Waya, wuta da layi

A yau wayar hannu ɗaya ta haɗa aikin littafin rubutu da kyamara da rikoda da taswira. Haɗuwar nan sauƙi ce, kuma ita ce babban haɗarin, domin idan wayar ta faɗa ruwa ko aka fizge ta a tasha, komai ya tafi lokaci guda. Saboda haka ƙaramin littafi da biro ba su tsufa ba. A cikinsa ya kamata a rubuta kwanan wata da sunan gari da sunan wanda aka zanta da shi da farashin abin da aka saya, wato abubuwan da tunani yake fara zubarwa.

Matsalar farko a kan hanya ita ce caji. Batirin ajiya, wanda aka fi sani da fawa-bank, mai ƙarfin 20,000mAh yakan cika waya sau uku ko huɗu, kuma yana ƙasa da iyakar wat-awa 100 da kamfanonin jiragen sama suke amincewa da ita, da sharaɗin a riƙe shi a jakar hannu. Zafi yana rage wa batiri ƙarko, don haka barin waya a gaban mota cikin ranar bazara ɓarna ce. Wani ƙaramin abu da yake kunyata matafiya shi ne bakin soket: Nijeriya da Gana suna amfani da mai ƙafa uku irin na Ingila, Nijar da Kamaru da Cadi kuwa sun fi amfani da mai zagayayyun ƙafafu biyu irin na Faransa. Masu shagon caji a tashoshi suna rufa asiri, sai dai wayar da ke ɗauke da hirarrakin mutane bai kamata a bar ta a hannun kowa ba tare da kulle ba.

Layin sadarwa ma ba abin dogaro ba ne. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk wanda aikinsa ya rataya a kan intanet a lokacin, ya tsaya cik. Mafita ita ce a zaɓi manhajojin da ke aiki ba tare da layi ba. Ana iya sauke taswirar yanki tun daga gida a Google Maps, ko a manhajojin da suka dogara da OpenStreetMap, kuma na'urar GPS da ke cikin waya daga tauraron ɗan'adam take karɓar saƙo, ba ta buƙatar layi kafin ta nuna inda mutum yake.

Taswirar tana da nata tarkon ga mai rubutu da Hausa. Sunayen garuruwan Nijar da rubutun Faransanci suke fitowa: Tasawa ta zama Tessaoua, Tawa ta zama Tahoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, birnin da Bahaushe yake kira Damagaram kuma Zinder ne a taswira. Marubucin da ya kwafo sunan daga allon waya ba tare da ya ji shi daga bakin 'yan gari ba, zai mayar da garin Hausawa baƙo ga mai karatun Hausa.

Batun haruffa da murya

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna cikin tsarin Unicode, kuma allon rubutu irin Gboard yana da zaɓin Hausa. Babu sauran uzurin rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Wanda zai tsallaka iyaka ya tuna cewa a Nijar ana rubuta ƴ a inda Nijeriya take rubuta 'y. Amma tunda daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu, duk mai son adana yadda Ba'adare ko Bagobiri yake furta magana, dole ya naɗi murya. Naɗin sai da izini, kuma ya fi kyau a naɗi izinin a farkon hirar.

A nan ne kayan aiki yake iya zama abin cutarwa. Hoton waya yakan ɗauki bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikin fayil. A yankin da 'yan bindiga suke farautar masu ba da labari, watsa hoton manomi da sunan ƙauyensa a ranar da aka zanta da shi yana iya jawo masa abin da marubucin, da ya riga ya wuce, ba zai ɗauka tare da shi ba. Rubutawa a ranar wajibi ne, amma watsawa tana iya jira, kuma sakaya suna ba ya rage darajar aiki. Ɗaukar hoto a shingen jami'an tsaro ko bakin iyaka kuwa hanya ce ta rasa wayar gaba ɗaya.

Mutane

Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa tafiya da kaya kaɗai ba. Suna da madugu mai jagorancin ayari, da jagaba wanda ya san hanya, da fatoma mai saukar baƙi a zango, wanda ya san farashi da wanda za a amince wa. Tsarin bai mutu ba, kamanni ya sauya. Direban da ke bin hanyar Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya kowane mako ya fi kowace manhaja sanin inda hanya ta lalace da lokacin da bai kamata a bi ta ba. Bahaushen da ya sauka a Kumasi ko Akara zai sami masauki da masu ba da tarihi ta hannun sarkin zango. Irin waɗannan mutane sun cancanci a ambace su a cikin aikin idan sun yarda, kada a maimaita abin da ya sami 'yan rakiyar Turawan bincike, waɗanda da yawansu ko sunansu bai shiga littafi ba.

Kwafi

Abin da Lander ya yi wa Clapperton, yau kwafi ne yake yin sa. Ƙa'idar da masu adana bayanai suke bi ita ce kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam: ɗaya a waya, ɗaya a katin memori da ke cikin aljihu ba cikin jaka ɗaya da wayar ba, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet duk lokacin da aka sami layi. Shafukan littafin hannu ma a ɗauki hotonsu kowane dare. Tura hoto ta WhatsApp ba ajiya ba ce, domin manhajar takan rage ingancinsa, sai idan an tura shi a matsayin fayil. Sunan kowane fayil ya fara da shekara da wata da rana, sannan sunan gari, domin bayan wata shida ba wanda zai tuna ko a Illela aka yi wata hira ko a Birnin Ƙonni. Idan aikin ya kammala, ɗanyun bayanan da ba su shiga littafi ba sun cancanci a miƙa kwafinsu ga ɗakin karatun jami'a ko wata cibiyar adana takardu irin Gidan Arewa da ke Kaduna, tare da bayanin hirarrakin da masu su suka yarda a saurara da waɗanda suka ce a rufe.