Ɗaki na Mutum Biyu, Fasinja Ɗaya: Lissafin Tafiya a Jirgin Ruwan Shaƙatawa

Kamfanonin jiragen ruwan yawon shaƙatawa suna da wata al'ada wajen tallata farashi wadda ta sha ruɗar masu niyyar tafiya su kaɗai. Za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe, a ce misali, kwana bakwai a Bahar Rum, da abinci da makwanci, dala 700. Can ƙasa kuma, da ƙananan rubutun da sai ka ƙura ido, an ƙara da cewa kuɗin na kowane mutum ɗaya ne idan mutum biyu suka haɗa ɗaki. Wato ɗakin na dala 1,400 ne. Miji da mata ko abokai biyu ba za su ji komai ba, kowa ya biya rabonsa. Amma wanda zai tafi shi kaɗai, yana rage adadin fasinja daga biyu zuwa ɗaya a shafin kamfanin sai ya ga kuɗi ya kusa ninkawa, wani lokaci ma ya ninka cif.

Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya ce wa ɗan kamasho yana son gaban mota shi kaɗai ya san wannan lissafi: kuɗin kujera biyu zai biya, domin direba ba zai ɗauki asarar son sakewar wani ba. Haka masu jirgi suke kallon ɗakunansu. Idan suna ƙidayar cikar jirgi, gado biyu suke lissafa wa kowane ɗaki, shi ya sa a rahotanninsu na shekara za ka ga cikar ta haura kashi 100 cikin 100, saboda yara da ake ƙarawa a gado na uku da na huɗu. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Mayami a watan Janairun 2024, yana ɗaukar fasinja 5,610 a lissafin bibbiyu, amma idan aka cika kowane gado zai kai wajen 7,600. Ga wani dalili kuma da ba a cika faɗa wa fasinja ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da manyan kamfanonin ke samu ba daga tikiti yake fitowa ba, daga abin da ake kashewa ne a cikin jirgi: abin sha, gidajen abinci na musamman, intanet, hotuna, kantuna, yawon gari idan an tsaya a tasha. Gadon da babu kowa a kansa ba ya sayen ko kofin shayi. Saboda haka ƙarin da ake ɗora wa mai tafiya shi kaɗai, a wurinsu, bai rufe dukan asarar ba.

To amma ba komai ne ake ninkawa ba, kuma a nan ya kamata mutum ya buɗe ido. Harajin gwamnati da kuɗin tashoshin da jirgi zai tsaya, a kan kowane fasinja ake karɓa, don haka sau ɗaya za ka biya. Haka ma tukuicin ma'aikata, wanda kamfanonin Amurka ke ɗorawa kai tsaye a asusun fasinja, tsakanin dala 16 zuwa 20 a kowace rana. Mu koma kan misalinmu. Ɗaki 1,400, a ce haraji da kuɗin tasha 150, tukuici dala 18 sau bakwai 126. Jimilla dala 1,676, ba a sa tikitin jirgin sama da biza da inshora da masaukin daren farko ba. Tallar da ta jawo ka kuwa 700 ta ce. Idan wakilin tafiye-tafiye ya ba ka takarda ka ga an ninka haraji ko tukuici, ka tsayar da shi ka tambayi dalili.

An daɗe ana wannan ƙorafi kafin kamfanonin su motsa. Canjin da kowa ke tunawa ya zo a 2010, lokacin da Norwegian Cruise Line ya fito da jirginsa Norwegian Epic ɗauke da ɗakuna 128 da aka gina don mutum ɗaya. Ƙanana ne ƙwarai, wajen murabba'in mita 9, babu tagar da ke kallon teku, amma an haɗa su da wani falo nasu na kansu inda masu tafiya su kaɗai ke haɗuwa da yamma su san juna, su shirya cin abinci tare. A wannan shekarar P&O na Ingila ya sa irinsu 18 a jirginsa Azura. Royal Caribbean ya biyo baya a 2014 da ɗakuna 28 a Quantum of the Seas, wasu har da baranda. Cunard kuma, da ya gyara Queen Mary 2 a 2016, jirgin da ke ratsa Tekun Atlantika tsakanin Southampton da New York cikin dare bakwai, ya ƙara masa 15. Dubi waɗannan adadi da kyau. Ɗaki 15 ko 28 a jirgin da ke ɗaukar dubban mutane ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, kuma su ne sukan fara ƙarewa, sau da yawa watanni da dama kafin ranar tashi.

Ƙarancin nan ya haifar da wani abin mamaki. Tun da masu nema sun fi ɗakunan yawa, farashinsu ba ya sauka, alhali manyan ɗakunan mutum biyu ana yi musu rangwame idan kasuwa ta yi sanyi. Sai ka tarar ɗan ƙaramin ɗakin mutum ɗaya yana kan dala 1,300, ga ɗakin mutum biyu da ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, an sauke shi zuwa 600 kowane kai, ka biya biyu 1,200. A ganina babban kuskuren da masu tafiya su kaɗai ke yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da aka rubuta wa "na mutum ɗaya" shi ne mai araha. Ka nemi farashi iri uku a rana ɗaya: ɗakin mutum ɗaya, ɗakin ciki na mutum biyu da za ka riƙe kai kaɗai, da mai taga. Ka bi kowanne har shafin ƙarshe inda ake nuna jimilla kafin biya. Wannan adadin na ƙarshe kaɗai ne abin kwatantawa.

Lokaci ma yana da tasiri. Daga Janairu zuwa Maris kamfanoni ke baje kolin rangwamensu na shekara, kuma a nan ne akan ga an rage ƙarin mai tafiya shi kaɗai zuwa rabi ko rubu'i, ko a yafe shi ɗungurungum a wasu tafiye-tafiye. Akwai kuma tafiyar sauya sheƙa. Jiragen da suka yi lokacin zafin Turai a Bahar Rum sukan ƙetara zuwa Karibiyan a Oktoba da Nuwamba, su dawo a Maris da Afrilu. Tafiya ce ta mako biyu ko kusa da haka, yawancinta ruwa da sama ba tare da tsayawa ba, iyalai masu yara 'yan makaranta ba sa iya zuwa, don haka kuɗin kowane dare yakan faɗi sosai, har ninkinsa ma ba ya yin nauyi. Aibinta ɗaya, inda aka ɗauke ka ba nan za a sauke ka ba, sai ka sayi tikitin jirgin sama na hanyoyi biyu daban.

Za ka ji masana harkar a Turai da Amurka suna ba da shawarar a jira sai saura makonni kaɗan, lokacin da kamfani ke neman kai da ragowar ɗakuna. Wannan shawara ce ga mai fasfon da ƙofofi ke buɗe masa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, maganar biza ce za ta fara yanke masa inda zai je da lokacin da zai biya. Jirgin da ya tashi daga Mayami yana buƙatar bizar Amurka. Wanda ya tashi daga Basalona yana buƙatar bizar Shengen, kuma idan zai leƙa Turkiyya ko Tunisiya ko Maroko ya sake dawowa Italiya ko Girka, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai damar shiga da fita, ban da abin da su waɗancan ƙasashe ke nema. Kada ka ce ai ba zan sauka a tashar ba, zan zauna a ɗakina. Galibi ba a karɓar wannan uzuri. Wanda takardunsa ba su cika ba, a bakin tasha ake mayar da shi, kuma a ƙa'idar kamfanonin ba sa mayar masa da ko sisi, tun da nauyin biza a wuyan fasinja yake. Fasfo kuma ya zamana yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Don haka ba laifi mutum ya duba tashoshin da suka fi kusa da mu ta fuskar takardu ko al'ada. Kamfanin MSC yakan yi zirga-zirga daga Durban da Cape Town a lokacin zafin Afirka ta Kudu. A Disambar 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata kamfanin, AROYA, wanda ya fara tashi daga Jidda cikin Bahar Maliya, babu giya, babu gidan caca, abinci halal, da wuraren salla. Ga wanda ke ƙyamar yanayin manyan jiragen Karibiyan, musamman mace da za ta tafi ita kaɗai, wannan abin dubawa ne.

Yanzu biyan kuɗin. Ba a biya gaba ɗaya a ranar farko sai in lokaci ya ƙure. Ana ba da kafin alƙalami a riƙe maka ɗaki, kuma wasu kamfanoni na karɓar na mutum biyu daga wanda ya kama ɗakin mutum biyu shi kaɗai. Kafin alƙalamin iri biyu ne: wanda ake mayarwa in ka fasa da wuri, da wanda ba a mayarwa amma farashinsa ya ɗan fi sauƙi. Wanda bizarsa ba ta fito ba, ba shi da dalilin zaɓar na biyun don tsimin 'yan daloli. Cikon kuɗin kuma yana da ranarsa, yawanci tsakanin kwana 75 da 120 kafin tashi, gwargwadon kamfani da tsawon tafiya. Ranar nan ba ta da wasa. In ta wuce ba ka cika ba, na'ura ce za ta soke ɗakin, ba mutum ba, balle ka roƙe shi. Daga ranar ne kuma tarar fasawa ke fara hawa mataki-mataki, har ta kai a makonnin ƙarshe kuɗin ɗakin duka ya tafi. Ka lura cewa tarar a kan dukan kuɗin ɗakin ake lissafa ta, har da kuɗin gadon da babu kowa.

Wannan ya kawo mu ga dabarar haɗa ɗaki da wani don a raba kuɗi. Tana aiki, amma ka san da wanda za ka haɗa. In abokin ya fasa bayan an biya, kamfani na iya sake lissafa ɗakin a matsayin na mutum ɗaya ya nemi ciko daga wanda ya rage. A yi yarjejeniya tun farko a kan wa zai ɗauki wannan nauyi, a rubuce, ko da ɗan uwanka ne.

Mai samun kuɗinsa da naira yana da wata damuwa da Bature bai san da ita ba. Tsakanin kafin alƙalami da ranar ciko akan yi wata shida ko shekara, kuma bashin da dala yake. Wanda ya kama ɗaki a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya zo cikawa a farkon 2024 ta doshi 1,500, ya san abin da nake nufi. Mafita ita ce a tara dalar a asusun dala tun ranar da aka yanke shawara, ko a riƙa rage bashin kaɗan-kaɗan, tun da kamfanoni suna karɓar biya a gutsure kafin ranar ƙarshe. Katin naira kuwa yana da iyakar abin da banki ke bari a kashe a waje, a tambaya kafin ranar biya.

Hanyar da kuɗin ya bi ma tana da muhimmanci. A farkon 2022 kamfanin Genting Hong Kong ya durƙushe, reshensa Crystal Cruises ya tsaya cak, aka kama jiragensa biyu a Bahamas saboda bashin mai. Fasinjojin da suka biya da katin bashi sun fi saurin samun kuɗinsu ta hannun bankunansu, waɗanda suka tura kuɗi kai tsaye kuwa suka shiga layin masu bin bashi. In ta hannun wakili za ka biya, kada ka tura kuɗi asusun mutum da sunansa. Ka karɓi lambar rajistar da kamfanin jirgin ya bayar, ka shiga shafinsa da kanka ka ga sunanka kamar yadda yake a fasfo, da adadin da ya isa wurinsu. Inshora kuma a saye ta cikin kwanakin da aka ba da kafin alƙalami, a tabbata ta ƙunshi jinya da ɗaukar marar lafiya daga teku. Asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne, kuma mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai zaro kati ya tsaya masa in ya kwanta.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ranar shiga za a haɗa katin ɗakinka da katin bankinka, ko ka ajiye dala a teburin karɓar baƙi, duk abin da ka saya a rubuta. Kamfani yakan riƙe wani adadi a katin a matsayin jingina, kuma in katin cire kuɗi ne na yau da kullum, riƙon na iya ɗaukar kwanaki bayan an sauka kafin banki ya sake shi, don haka kada ya zama shi kaɗai ne katin da za ka koma gida da shi. Ka riƙa duba asusun a manhajar jirgin kowace rana, domin gyaran kuskure ya fi sauƙi kana ciki fiye da bayan ka sauka. Sannan ka isa garin da jirgin zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, ka sa kuɗin otal ɗin a lissafi tun farko. Jirgin sama daga Kano ko Abuja ko Yamai yana iya makara ya sa ka rasa mahaɗa a Alƙahira ko Istanbul, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran fasinjan da ya sayi tikitin samansa da kansa.