Barikin Bukavu: Sunan garin ya tsira, ina sunayen sojojin?

Da 'yan tawayen M23 suka kama birnin Bukavu a gabashin Kwango a watan Fabrairun 2025, ba mamaki wasu Kanawa sun yi turus da jin sunan a rediyo. Su dai Bukavu da suka sani bariki ne a cikin Kano. Sai dai daga can aka ɗauko sunan.

A 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai, ta tura sojoji aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango. A Disambar shekarar, dakarun Bataliya ta 5 ƙarƙashin Aguiyi-Ironsi suka kuɓutar da wata tawagar ma'aikatan lafiya 'yan ƙasar Ostiriya da aka tsare a Bukavu. Murtala Muhammad ma, yana ƙaramin hafsa, ya yi aiki a Kwango.

Haka sunayen wasu barikokin suke. Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna da Myohaung a Legas duk gadon Yaƙin Bama ne, inda 'yan Najeriya suka gwabza da Japanawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Wato sunan wurin da aka zubar da jini ya samu babban allo a bakin ƙofa. Wanda jinin nasa ne kuwa, sai a bakin iyalansa, in akwai mai tunawa.

Ba yau aka fara ba. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, wasu ma ba a yi musu wata alama ba sam.

A duk ranar 15 ga Janairu ake tunawa da mazan jiya, ranar da Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Shugaban ƙasa da gwamnoni kan ajiye furanni, a busa begila, a saki tattabaru, sannan kowa ya watse. Biki ne na manyan birane. Mutumin Burumburum, Kiru, Bebeji ko Doguwa sai dai ya gani a waya, alhali ba baƙon soja ba ne: dajin Falgore da ke kusa da shi sojoji sun mayar da wani sashensa filin atisaye, kuma daga irin waɗannan garuruwa matasa ke tafiya Defo ta Zariya neman kaki.

Wani zai ce ajiye fure da kafa gunki ba al'adar Musulmi ba ce, addu'a ita ce gatan mamaci. Gaskiya ne. Amma rubuta suna a bangon sakatariyar ƙaramar hukuma ko makarantar firamare ba gunki ba ne, kuma kuɗinsa bai kai na fostocin siyasa ba. Yaran da uba ya tafi Laberiya a rundunar ECOMOG ta 1990 bai dawo ba, yanzu su ma iyaye ne. Haka marayun sojojin Najeriya bakwai da aka kashe a Haskanita ta yankin Darfur a Satumbar 2007 sun girma.

Lambobin soja da takardun sallama kuwa suna nan a ƙasan akwatuna, gara na ci. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion da hakimai da dagatai za su iya tattara sunayen gunduma-gunduma, tun waɗanda suka san masu su suna raye.