Gyaran haja ko sauya haja: abin da kasuwancin Damagaram ke koya mana

1. Gabatarwa

Duk mai kula da haja, a masana'anta yake ko a rumfar kasuwa, jarinsa da lokacinsa ƙayyadaddu ne. Hanya biyu ke gabansa: ko ya riƙa kyautata abin da ya saba saidawa kaɗan-kaɗan, ko ya zuba jari cikin sabuwar haja wadda ribarta ka iya fin ta dā, amma ba ta da tabbas. A wannan maƙala za mu duba yadda ake auna hanyoyin biyu, bisa tarihin fataken Damagaram.

2. Lokacin da gyara ke biya

A zamanin Sarki Tanimun (1851-1884), Zinder babban zango ne na ayarin da ke bi ta Agadas zuwa Tarabulus. Ban da bayi, manyan kayan da ake kaiwa arewa su ne jemammun fatun awaki da gashin jimina. A irin wannan ciniki, ƙananan gyare-gyare ke kawo riba: majemi ya kyautata jimarsa da bagaruwa, falke ya ware fata marar tabo, a gyara ɗaurin kaya don kada su lalace a kan raƙumi. Ribar kowane ɗaya ba ta da yawa, amma ana iya lissafa ta tun kafin ayari ya tashi, domin an san hanya, an san mai saye.

3. Lokacin da gyara ya kasa

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta kama Tarabulus. A 1914 kasuwar gashin jimina ta faɗi a Turai. Fatu suka koma bin jirgi zuwa Ikko, domin dakon raƙumi na watanni bai iya gogayya da shi. A nan ba ingancin haja ya ragu ba, hanyar ce ta mutu, kuma babu gwanintar ɗaurin kaya da za ta raya ta.

Damar da ta buɗe ita ce gyaɗa. A Kano, Alhasan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya shiga sayen gyaɗa, bai jefar da abin da ya mallaka ba: yaransa da dillalansa da amanar da ke tsakaninsu, su ya juya ga sabuwar haja. Daga baya noman gyaɗa ya bazu a kudancin Damagaram, wajen Magariya da Matamaye, har gwamnatin Nijar ta kafa SONARA a 1962 don cinikinta.

Sai dai babbar dama ita ma tana da iyaka. Farin 1973-1974 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 sun durƙusar da wannan ciniki, manoma da yawa suka koma ga wake.

4. Ma'auni

Daga nan muna iya fid da tambayoyi uku.

Ta farko: mai saye da hanyar kai kaya suna nan daram? In suna nan, gyara ya fi. In ɗayansu ya fara gushewa, kuɗin gyara asara ce da ba a gani nan take.

Ta biyu: mene ne cikin abin da ke hannu zai yi amfani a sabuwar haja? Sani da mutane da amana sun fi kayan aiki saurin ƙaura.

Ta uku: in sabon abu bai karɓu ba, gida zai tsaya? In ba zai tsaya ba, sai a fara gwaji da ɗan kaso na jari, tsohuwar haja na ci da gida.

Wahalar ita ce, ribar gyara ana ganinta a littafin lissafi, ta sabuwar dama kuwa hasashe ce. Don haka ma'auni kan rinjaya wajen gyara ko da lokacinsa ya wuce.

5. Kammalawa

Ke nan, aikin mai kula da haja bai tsaya ga duban hajar kaɗai ba. Wajibi ne ya sa ido kan hanya da mai saye, domin can alamar sauyi ke fara bayyana, tun ciniki bai ja baya ba.